Hayaƙin Bakin Tasha

Alhamis, da hantsi

Na buɗe shago. Ni kaɗai.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talata ba, na gaji da maimaita shi. Na faɗa wa likita, na faɗa wa Mama, na faɗa wa Injiniya mijin Yaya har sau biyu, don karon farko bai ji ni ba, idonsa na kan ƙofar ɗakin da aka shiga da ita. Abin da ya isa a rubuta shi ne Yaya tana asibiti, an sa mata robar iska a hanci. Asmarta ce ta tashi, irin tashin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara. A nan bayan kantar shago abin ya same ta, tana cikin zuba wa wata mata man girki.

Tabon man yana nan a ƙasa. Na wanke shi da sabulunmu na ruwa, wanda muke cika baki cewa babu maiƙon da ya gagare shi, amma ya ƙi fita. Na jawo buhun wake na rufe wurin.

Masu saye sai tambaya suke, "Ina babbar?" Ina ce musu ta ɗan tafi hutu. Wata har da cewa, "Ai ta kyauta wa kanta." Na auna mata sukarinta da sauri don ta tafi ta ba ni wuri.

Ciniki ya yi kyau.

Juma'a, bayan la'asar

Likita ya tambaye ni inda Yaya take wuni. Na gyara tsayuwa na shiga yi masa bayani kamar mai talla: shagonmu ne mu biyu a tsakiyar gari, ba ma ba da leda ko ɗaya, kowa da gorarsa ko kwalbarsa ko jakarsa yake zuwa mu cika masa, sabulu ne, mai ne, shinkafa, wake, sukari. Har na kai ga cewa mu ba ruwanmu da janareta, sola muke amfani da ita. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Tsakiyar gari ta ina?"

Na ce daura da tashar bas.

Ya ce, "Ƙofar a rufe take wuni ko a buɗe?"

Na ce a buɗe, saboda haske da iska. Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya wuce gado na gaba.

Injiniya yana tsaye aka yi wannan. Mutumin da bai taɓa ganina bai tsokane ni ba, yau "ranki ya daɗe sarauniyar muhalli," gobe "yara ku ɓoye leda, ga Auta nan," shi ne ko kallon inda nake bai yi ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yaya kuwa da ta gan ni sai ta ɗage robar daga hancinta ta ce, "Kin rufe bakin durom ɗin mai?" Duk duniya abin da ya dame ta ke nan.

Asabar, da azahar

Ban zauna ba tun safe. Ciniki ya yi kyau.

Lahadi, da safe

Yau babu shago, don haka babu abin da zan ɓuya a bayansa.

Shago biyu dillali ya nuna mana bara. Ɗaya a bayan gari, a sabuwar unguwar su Yaya, tafiyar ƙafa ce daga gidanta. Ga faɗi, ga bishiyoyi a gaba, ga filin ajiye mota, shiru kamar an share mutane. Ɗayan kuma shi ne wannan, ɗan tsukuku a bakin tasha, inda ko motar kaya ba ta iya shigowa sai an ɗauko durom a baro daga bakin titi. Yaya na bayan gari take so. Ni na ce atafau sai cikin gari.

Kuma ina da hujja. Na ce mata, a can wa zai zo mana da ƙafa? Mutum ya tada mota tun daga wata uwa duniya, ya ƙona mai, don ya sayi sabulu kwalba ɗaya ya ce ya ceci duniya daga leda? An gudu ba a tsira ba ke nan. A cikin gari kuwa mutane suna wucewa ne dole, safe da yamma, a ƙafa ko a bas, ba su ƙara hayaƙin komai saboda mu ba. Kuma talaka shi ya fi kowa sayen kaya ƙulli-ƙulli a leda, in da gaske muke, inda yake nan za mu je. Na yi magana har bakina ya bushe. Ni da baki ai sai dai a bar ni, Mama ma ta ce tun ina goye nake musu.

Ranar da muka zo duba wurin, Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Auta, wurin nan da hayaƙi fa." Na ce, "Ai shi muka zo ragewa." Ta yi dariya ta ce to.

Mai sayar da wayoyin da ya tashi daga shagon ya bar ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. Solarmu ba za ta iya jan na'urar ba, janareta kuwa mun rantse ba za mu saya ba. Sai muka cire gilashin don iska ta riƙa shigowa. Wannan kam shawarar Yaya ce, da bakinta ta kawo ta. Ina rubuta shi ne don a sani ba komai ne nawa ba.

Har yanzu ban ga inda na yi ƙarya a maganata ba. Shi ne abin da ke cin raina.

Litinin, da hantsi

Kullum Yaya ce take riga ni zuwa, ita take share-share kafin na iso. Yau da na goge kwalaben da ke kan kanta sai tsumman ya fito baƙi ƙirin, kamar na goge gindin tukunya. Alhali ranar Asabar na goge su. Na tsaya da tsumman a hannu kamar wata sakarya. Ashe abin da take gogewa ke nan kowace safiya, ni kuma in shigo in ce kai, shagonmu fes.

Ana cikin haka maƙwabcinmu mai buga katin biki ya tada janaretansa. Bututun hayaƙin yana kallon ƙofarmu ne sak, wata da watanni, yau na fara ganinsa. Na fita a fusace ko mayafi ban gyara ba. Na ce, "Malam, wannan abin naka ba za ka juya masa baki ba? Mutane kake son kashewa?"

Ya kashe injin, ya goge hannu, ya ce, "Hajiya ƙarama, ya mai jiki?"

Shi ne fa ranar Talata ya bar aikinsa ya tsayar da mota a tsakiyar titi, ana ta yi masa hon, shi ya kama mini ita muka sa a baya. Na ce da sauƙi.

Ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi. Zan juya shi. Amma in na juya, kan mai ɗinki zai koma, ita ma da jaririnta take wuni. Ni ma ba don daɗi nake shaƙa ba, a kawo wuta ki ga in ban kashe shi ba. Kuma ko na kashe nawa, waɗancan fa?" Ya nuna mini tasha da haɓa. Bas-bas a jere, kowacce injinta a kunne tana jiran ta cika.

Na dawo ciki ban sami wanda zan yi wa faɗa ba.

Talata, da yamma

An sallami Yaya, tana gida. Na yi waya, ban je ba. Mutane sun yi yawa.

Laraba, bayan azahar

Dillali ya zo da kansa, da ƙatuwar hularsa da murmushinsa na mai neman la'ada. Wai shagon bayan garin nan ya sake zama babu kowa, wanda ya kama bai daɗe ba ya tashi. Na ce to ni ina ruwana? Ya ce, "Ai maigidan yayarki ne ya neme ni, Hajiya. Ya ce in zo in same ki, wai magana a hannunki take."

A hannuna. Injiniya ya iya kiran dillali, amma bai iya kirana ba.

Dillali ya ce akwai wani da ke so, amma saboda mutunci zai riƙe mana zuwa Juma'a ta sama. In na ce e, shi ke nan, shi zai samo wanda zai karɓi wannan na bakin tasha, don masu nemansa sun fi a ƙirga. Na ce in muka riƙe biyun fa? Ya yi dariya har da tafa hannu. Ni ma na san taura biyu ba ta taunuwa, ƙarfinmu na shago ɗaya ne, shi ma da ƙyar.

To ga yadda abin yake. In na koma can, Yaya za ta ci gaba da zama da ni a bayan kanta. In na tsaya nan, sai dai ni kaɗai, ko kuma in san yadda zan yi da hayaƙin nan.

Na ce masa zan yi tunani.

Alhamis, da la'asar

Na rufe da rana na hau bas na je na ga wurin. Sai da na sauka a ƙarshen layi na ƙarasa da ƙafa, don bas ba ta shiga unguwar.

Na zauna a dakalin shagon. Iskar wurin har haushi ta ba ni don daɗi. Na ja numfashi ya tafi har ƙasan cikina, babu abin da ya tare shi. Na ce a raina, a nan Yaya za ta wuni tana 'yan waƙe-waƙenta tana auna wake, in ta gaji ta taka ta je gida ta kwanta.

Na daɗe a wurin. Mutum ɗaya ne ya wuce ni a ƙafa, shi ma mai gadin wani gida ne. Sauran duk motoci, gilashi a rufe. Wata mata ta tsaya ta sauke gilashi ta ce ko ni ce zan kama shagon, me za a riƙa sayarwa? Na yi mata bayani. Ta ce, "Kai, abu ya yi kyau, muna son irin wannan. Za ku riƙa kawowa gida? Don ni gaskiya ba zan tuna da yawo da kwalba ba." Duk tsawon hirar nan motarta a kunne take.

Gidan Yaya yana bayan layin. Na hango rufinsa. Ban shiga ba, don ban san me zan ce ba in ta tambaye ni daga ina.

Juma'a, da safe

Kaina ke ciwo. Ba komai ba ne.

Asabar, bayan la'asar

Akwai wata dattijuwa mai sharar ofisoshi da ke biyowa ta nan in ta tashi aiki. Tun makon da muka buɗe take zuwa da gorar nan tata mai murfin da ba nata ba. Yau ina cika mata sabulu ta ce, "'Yata, wai da gaske za ku tashi? Mai buga kati ne ya faɗa."

Dillali dai bakinsa ba ya riƙe ruwa.

Na ce ba a yanke ba tukuna. Ta ce, "To in kun tashi Allah ya sa alheri. Mu kam sai mu koma wa ƙulle-ƙullenmu, don ba zan hau mota biyu saboda sabulu ba." Ba da fushi ta faɗa ba, tana ma dariya. Ta ce in gaida babbar, wai ita ta fi ni hannun awo.

Bayan ta tafi na leƙa kwatar da ke gaban shago. Leda ce cunkus kamar kullum, ba zan yi wa kaina ƙarya in ce mun rage ta ba. Amma dai babu tamu a ciki, kuma babu ta matar nan. Wannan ɗan abin shi na ɗauka da girma, shi na sa a kan sikeli ɗaya da ƙirjin 'yar'uwata. In wani ya ba ni labarin nan sai in ce mai shi ba ta da hankali.

Ciniki ya yi kyau, mai ma ya ƙare.

Lahadi, da yamma

Na wuni a gidan Yaya. Daga gida na tafi, na yi wanka na sa kayan fita kamar mai zuwa gaban alƙali. Ta rame, amma tana magana ba tare da tsayawa neman numfashi ba. Mama na nan tana jinya, tana mulkin gidan mutane kamar nata.

Na jira Injiniya ya fita sannan na ce, "Yaya, dillali ya zo. Me kike so a yi?"

Ta ce, "Ke me kika gani?"

Na ce ni ke nake tambaya.

Ta ce, "Shagon nan yana tafiya, Auta. Ba kowane shago ke tafiya ba." Sai ta shiga tambayata ko mai kawo shinkafa ya zo, ko na tuna in juya buhunan don kada na ƙasa su yi gumi. Na yi ta jawo ta kan maganar tana zillewa. Da ta ce mini "mu koma," wallahi da a take zan kira shi. Ba ta ce ba.

Da zan tafi Mama ta rako ni bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Ke dai kin iya jin abin da aka faɗa. Wanda ba a faɗa ba ne ba kya ji." Na ce to ni boka ce? Ta ce, "A'a, ke auta ce," ta juya ta shige.

Duk hanya ina ta shirya amsar da ya kamata in ba ta.

Litinin, da azahar

Na samo dabara. Na sa an dawo da ƙofar gilashin daga ɗakin ajiya, kafinta ya ɗaura ta. Na sayo tukwanen shuka na jera a bakin ƙofa, an ce ganye yana tace iska. In hayaƙi bai shigo ba, ai magana ta ƙare: Yaya ta dawo, matar gora ta ci gaba da zuwa, dillali ya kai hularsa gaba.

Yau na ji ni kamar mutum. Har na ci abinci a zaune.

Talata, da la'asar

Shagon ya zama tanda. Fankar sola tana ta juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ƙamshin sabulu ya taru ya cika ɗakin har yana hawa kai, ni mai lafiya ma sai da na yi ta atishawa. Sukari ya fara dunƙulewa. Mutane kuma suna zuwa su tsaya a bakin gilashi su leƙa su wuce, wani ya ce ya ɗauka an sayar wa masu tsada ne. Duk wanda ya turo ƙofa kuma da rabonsa na hayaƙi yake shigowa, sai ƙofar ta rufe ta tsare mini shi a ciki.

Kafin la'asar na sa dutse na tokare ta a buɗe. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Laraba, da hantsi

Na shiga ƙarƙashin kanta neman mazurari, sai na jawo kwalin Yaya. Ita ba ta yar da komai. Murfin kwalba, batir da ya mutu, ƙyallen da ya yage, duk tana tarawa wai sai ta sami masu sake sarrafa su. Har tsiya nake mata ina cewa wata rana mu ma za ta sa mu a kwali.

A ƙasan kwalin na ga gwangwanayen maganin shaƙarta, waɗanda suka ƙare. Na kwaso da hannu biyu wasu suna zubewa. Da can guda ɗaya sai ya yi mata wata da watanni, har ta manta inda ta ajiye shi. Waɗannan duk a shagon nan ta shanye su. Ban taɓa ganin ta shaƙa a gabana ba. Yanzu na gane yawan shiga ɗakin ajiyar da take yi, tana cewa bari ta dubo wake.

Da irin sauran mutane ce da ta jefa su a shara, da har abada ban sani ba. Amma ina, ƙarfe ne da roba, ba za ta iya ba.

Na mayar da su yadda na same su, na tura kwalin. Na fito na sallami mai sayen gishiri da fara'a.

Laraba, da yamma

Injiniya ya kira ni. Karon farko. Sun koma asibiti, likita ya ce ko da gilashi ko babu gilashi, kada ta sake wuni a bakin tashar nan. Ya ce, "Jibi ne fa Juma'a, Auta." Na ce na sani. Ya ce, "To, a gaida shago."

Alhamis, da safe

Gobe zan kira dillali. Na gama magana.

Alhamis, da la'asar

In ana sauke sola daga rufi sai an yi hankali da wayoyin. Durom-durom ɗin kuma a tafi da su da sassafe kafin titi ya cika. Sai in rubuta sanarwa in manna a ƙofa. Me zan rubuta? Mun koma inda ba za ku iya zuwa ba?

Gobe dai.

Juma'a, bayan magariba

Tun da na buɗe mutane suke shigowa. Ƙarshen wata ne, kowa da jarkarsa. Na ajiye waya a gefen sikeli inda zan riƙa ganinta. Na ce bari in sallami wannan, sai in kira. Na sallame ta, wani ya miƙo jaka. Wata malamar makaranta ta zo da ɗalibanta su ga shagon da ba a ba da leda, na tsaya ina yi musu bayani, suna ta mamakin famfon durom, kowa yana son ya matsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ji daɗi ƙwarai.

Dillali ya kira sau ɗaya da rana. Hannuna duk mai, na ce zan bi kiran.

Da na rufe na zauna a kan buhu da wayar a hannu. Na ce yanzu kam dare ya yi, ba a kiran mutum da maganar haya bayan magariba, gobe da sassafe ma ai duk ɗaya ne.

Ban ce a'a ba. Ina so wannan ya zauna a rubuce. Ban ce a'a ba.

Asabar, da safe

Na kira. Ya ce, "Haba Hajiya, ai jiya na neme ki." Wani mai sayar da labule ya kama, har an ba shi makulli. Ya ce kada in damu, zai duba mana wani. Na ce a unguwar? Ya ce a unguwar kam shaguna ba su da yawa, sai dai a sa ido.

Da na sani ƙeya ce. Mama ce take faɗa, ni kuma ina cewa karin maganar ragwaye ce.

Asabar, da yamma

Ganyen shukokin nan duk sun yi baƙi. Na goge su ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi

Ban je ba. Na ce wa Mama wanki gare ni.

Litinin, bayan magariba

Na ce yau ko me za a yi sai na je na faɗa mata da bakina. Don kada in canja shawara, ina rufe shago na hau bas kai tsaye, ko gida ban biya ba.

Na same ta a falo tana tsince wa Mama shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Ah, 'yar kasuwa!" Ban san sanda na durƙusa na rungume ta ba, abin da rabona da yi tun ranar aurenta. Na sa fuskata a kafaɗarta, ita kuma fuskarta a cikin mayafina.

Sai ta fara tari. Ƙarami da farko, tana ture ni da hannu tana dariya wai na shaƙe ta. Sai ya ƙi tsayawa. Tiren ya kife. Na ji wannan ƙarar a ƙirjinta, irin ta ranar Talata, wadda na ce ba zan rubuta ba. Mama ta ruga ɗaki ɗauko maganin shaƙa. Injiniya ya fito, ya tsaya tsakanina da ita, ya ce a hankali, "Auta, fita waje. Kayanki ne."

Na ce kayana me?

Ya ce, "Hayaƙi kike yi. Tun daga ƙofa na ji."

Na fita baranda. Na kai mayafin hancina na shinshina, na sake shinshinawa. Wallahi ban ji komai ba.

Na daɗe a tsaye kafin tarin ya lafa. Sai na ji an turo tagar falo. Yaya ce, ta jingina da ƙarfen taga, idonta duk hawayen tari. Na matso, Injiniya ya ce daga ciki, "Daga nan ma ya isa." Na tsaya a inda nake.

Na ce, "Yaya, shagon can..."

Ta ce, "Na sani. Dillali ya faɗa wa Injiniya."

Na fara cewa mutane ne suka yi yawa, ƙarshen wata ne, hannuna duk mai. Ta bar ni na yi ta zuba har na ji kunyar muryata.

Ta ce, "Ranar Juma'ar nan wayar Injiniya a hannuna ta wuni. Duk sanda ta yi ƙara sai in ce ga shi nan, dillali ne zai ce Auta ta kira shi." Ta ja numfashi a hankali. "Har na zaɓi bangon da za mu jera kwalabe."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa mini? Na tambaye ki fa!"

Ta ce, "Sau ɗaya na taɓa faɗa miki, a bakin ƙofar shagon. Kika ba ni amsa mai kyau."

Na tuna amsar: "Ai shi muka zo ragewa."

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro makullinta na shago, ta miƙo ta tsakanin ƙarafan taga iya tsawon hannunta. Ta ce, "Kada ki rufe shi, kin ji? Kin riga kin biya shi da tsada. Ki nemi mai taya ki, mai lafiyayyen ƙirji." Na miƙa hannu na karɓa daga nesa, yatsunmu ko taɓa juna ba su yi ba.

Mama ta miƙo mini abinci a baranda, a nan na ci, ina jin su a ciki suna tsince shinkafar da ta zube.

Da zan tafi na ji bugun guduma. Injiniya ne yake kafa ƙusa a bangon waje, gefen ƙofa. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In kin zo daga shago, nan za ki riƙa rataye mayafi. Yayarki za ta ajiye miki riga a banɗakin waje." Ya ja ƙusar ya ga ta kafu sosai, sannan ya ce sai da safe.